Cinikin 'Yan Wasa: Abin Da Nguru Da Gashuwa Za Su Koya Daga Gasar Zari-Ruga

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Nguru ta ratsa Jajimaji zuwa Gashuwa da la'asar sakaliya, ya san cewa da wuya ya wuce filin wata makarantar firamare ko wani fako a bayan gari bai ga yara sun yi dandazo suna buga tamaula ba, wasu da takalmi wasu ƙafa ba takalmi, ƙura ta turnuƙe har ba a ganin mai tsaron gida. Akasarin 'yan kasuwarmu idan suka ga haka, abin da ke zuwa musu a rai shi ne wasan yara da ɓata lokaci. A nawa ganin kuwa, dukiya ce zube a rana wadda ba ta da mai ita a rubuce, kuma duk wanda ya fi wayo shi ne ke zuwa ya tsinci mafi kyawu ya yi gaba, ba tare da ya bar wa garin ko sisin kwabo ba.

Abin da nake son in jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, sauya sheƙar 'yan wasa daga wannan kulob zuwa wancan harkar ciniki ce mai dokoki da lissafi, kuma ita ce ke iya raya gasa ko ta kashe ta. Domin a fahimci haka, zan fara da wani wasan da ba mu saba da shi ba a nan arewa, wato zari-ruga ta 'yan wasa 13, saboda masu wannan wasa sun shafe fiye da shekara 100 suna kokawa da tambayar da mu har yanzu ba mu zauna mun amsa ba.

Asalin wannan wasa ma rigimar kuɗi ce ta haife shi. A ranar 29 ga watan Agusta na 1895, wakilan kulob-kulob na arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar, har kulob 22 suka shiga sabuwar tafiyar. Dalilinsu shi ne 'yan wasansu leburori ne a mahaƙar kwal da masaƙu, idan suka bar aiki ranar Asabar domin su buga wasa sai a yanke musu ladan ranar, alhali kuwa manyan ƙungiyar, waɗanda masu hali ne, sun haramta a biya ɗan wasa ko da diyyar wannan asarar. Ke nan tun ran gini aka yi zane: wasa ne na talakawan garuruwan masana'antu, wanda dole ya ciyar da kansa daga kuɗin ƙofa.

Da wasan ya kafu a Ostireliya, sai wata matsalar ta taso. Kulob ɗin da ya yi wa ɗan wasa rajista yana da ikon riƙe shi ko da kwantiraginsa ya ƙare, ba ya zuwa ko'ina sai da yardar kulob ɗin. Wani ɗan wasan Balmain mai suna Dennis Tutty ya ƙi amincewa da wannan, ya ƙaurace wa fili har ya rasa kofin da kulob ɗinsa ya ci a 1969, ya kuma kai ƙara. A 1971 babbar kotun ƙasar ta yanke hukuncin cewa wannan tsari tauye wa mutum hanyar neman abincinsa ne. Shekara 24 bayan haka ne kotun Turai ta yanke irin wannan hukunci a harkar ƙwallon ƙafa, a shari'ar ɗan Beljiyam Jean-Marc Bosman, ranar 15 ga watan Disamba na 1995.

To, da 'yan wasa suka sami 'yancin tafiya inda suke so, sai fargaba ta koma wani wajen, wato kada masu kuɗi su kwashe gwanaye duka su bar saura da ƙaiƙayi. Mutanen birnin Sidni sun san ɗacin haka, domin kulob ɗin St George ya taɓa cin kofi sau 11 a jere, daga 1956 zuwa 1966. Sai hukumar gasar ta fito da magunguna biyu. Na farko, a 1990 ta ƙayyade iyakar abin da kowane kulob zai kashe a kan albashin 'yan wasansa gaba ɗaya. Na biyu, a 1991 ta gwada tsarin rabon 'yan wasa, inda kulob ɗin da ya zo na ƙarshe zai fara zaɓa daga cikin waɗanda kwantiraginsu ya ƙare. Wannan na biyun bai yi shekara ba kotu ta soke shi, saboda ba a tilasta wa baligi ya ɗauki iyalinsa ya koma garin da bai zaɓa ba. Na farkon kuwa ya zauna.

Ko ya yi amfani? Alƙaluma sun nuna ya yi, amma ba kamar yadda masu yabonsa ke faɗa ba. Bayan an haɗe gasar a 1998 a ƙarƙashin sunan NRL, kulob bakwai daban-daban ne suka ci kofi a shekaru bakwai daga 1999 zuwa 2005, abin da ya sa magoya bayan kowane gari suke shiga kakar wasa da sa rai, gidajen talabijin kuma suka riƙa zuba kuɗi. Dalili shi ne kulob ɗin da ya ci kofi, darajar 'yan wasansa takan tashi, iyakar albashi kuma ba za ta bar shi ya riƙe su duka ba, dole ya saki wasu su tafi su ƙarfafa abokan hamayya. Sai dai a Ingila, inda su ma suke da irin wannan iyaka, kulob huɗu kacal ne suka ci gasar Super League daga 1996 zuwa 2024, wato Wigan da St Helens da Leeds da Bradford, kuma Bradford ɗin ma bashi ya rusa kamfaninta a farkon 2017. A Ostireliyar ma, Penrith ta ci kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 duk da iyakar, saboda ta gina makarantar renon yara a yankinta, duk wanda aka saye daga hannunta akwai na bayansa da zai maye gurbinsa.

Wannan misali na Penrith shi ne ya fi damuna, kuma zan dawo kansa. Amma kafin nan, akwai wani abu da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi. Dokar iyakar albashi ba ta aiki sai da mai binciken littafi wanda ba ya jin tsoron kowa. A watan Afrilu na 2010 aka gano cewa kulob ɗin Melbourne Storm yana ajiye littafi biyu, ɗaya na nuna wa hukuma ɗaya na gaskiya. Hukumar ta ƙwace kofunan da ya ci a 2007 da 2009, ta sa ya mayar da kuɗin kyauta, ta kuma hana shi maki ko ɗaya a duk kakar 2010. Mai karatu ya tambayi kansa, a cikin gasarmu wace hukuma ce za ta iya ƙwace kofi daga hannun kulob ɗin da gwamna ke ɗaukar nauyinsa?

Nan ne muka iso gida. An soma gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafa a Nijeriya a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars, shekara guda kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe ranar 27 ga watan Agusta na 1991. A yau, mafi yawan kulob-kulob 20 na babban rukuni mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma kasafin kuɗin jiha ne abincinsu. Kulob ɗinmu na Yobe Desert Stars, mai mazauni a Damaturu, ya buga a babban rukuni a 2018 da 2019 kafin ya koma ƙasa. Maƙwabtanmu El-Kanemi Warriors na Maiduguri sun ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992, suka sake ɗauka a 2024. Ba a rasa tarihi ba, ba a kuma rasa 'yan kallo ba. Abin da aka rasa shi ne kulob ɗin da zai iya nuna wa ɗan kasuwa littafinsa ya ce ga abin da na saya, ga abin da na sayar, ga riba.

Saboda haka ni ban goyi bayan masu cewa a kwaso dokar iyakar albashi a dasa a gasarmu ba. Cutar da aka yi wa wannan magani ba ita ce tamu ba. A can, kulob-kulob suna rige-rigen biyan albashi mai tsoka har su karye. A nan kukan da aka saba ji shi ne na 'yan wasan da suka yi watanni ba su ga albashi ba, da kuɗin sa hannu da aka yi alkawari aka biya rabi. Wanda bai cika tukunya ba, ba a yi masa dokar kada ta zuba. Haka nan tsarin rabon 'yan wasa, idan kotun Ostireliya ta soke shi, ban ga yadda za a ce wa yaron Gashuwa dole ya tafi Uyo ko Fatakwal ba domin kawai kulob ɗin can ne ya zo na ƙarshe.

Rashin daidaiton gasarmu ma wani iri ne. Kofi yana yawo tsakanin jihohi, ba laifi: Pillars ta ci a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, Enyimba ta Aba ta ci sau da dama, Plateau United ta ci a 2017. Inda gizo ke saƙar shi ne a wasannin mako-mako, inda aka daɗe da sabawa cewa mai masaukin baƙi ba ya faɗuwa. Pillars ta shafe shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi a Kano. Abin alfahari ne ga Kanawa, ba shakka, amma ga mai son sayen haƙƙin nuna wasa a talabijin, hajar da aka san ƙarshenta tun kafin a buɗe ba ta da tsada. Wani ɓangare na wannan matsala alƙalanci ne da tsaron fili. Wani ɓangaren kuwa kuɗi ne tsagwaronsa, domin kulob ɗin da ya kwana biyu a mota daga Damaturu zuwa kudu maso kudu, ya sauka a masauki mai araha, da 'yan wasan da aka tattaro wata guda kafin a fara gasa, ba a sa ran ya yi abin kirki.

Wannan tattaro 'yan wasa a kowace shekara shi ne babbar asarar. An saba a gasarmu a ɗauki ɗan wasa na kaka ɗaya, idan ta ƙare kowa ya kama gabansa, a sake kiran gwaji, a sallami mutum 15 a ɗauko wasu 15. Ana sauya sheƙa ƙwarai da gaske, amma kuɗi ba ya bin sawun sauyin. Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba a sayar da shi, tafiya yake yi kyauta. Ɗan kasuwar da ke turka a Nguru ya san cewa ba a ciyar da sa dusa da harawa wata shida sannan ana jibi kasuwa a kwance masa igiya. Ba ina kwatanta ɗan Adam da dabba ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da ake sayarwa a wannan ciniki shi ne sauran wa'adin kwantiragi, kuma ba ya yiwuwa sai ɗan wasan ya yarda. Amma lissafin jari ɗaya ne.

Domin a ga irin kuɗin da ake magana a kai, mu dubi Ahmed Musa. Ya taso a Jos, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, daga nan CSKA ta birnin Mosko a 2012, sannan Leicester City ta Ingila ta saye shi a 2016 a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kimanin Fam miliyan 16. A ɗaya gefen kuma, kyautar da Enyimba ta karɓa da ta ci gasar Nijeriya a 2023 Naira miliyan 100 ce. Ko da wane farashin canji mutum ya yi lissafi, ɗan wasa guda ya fi kofin gaba ɗaya tsada ninkin ba ninkin. Ke nan kulob ɗin da ke son tsayawa da ƙafarsa a ƙasar nan, daga cinikin 'yan wasa zai tsaya, kafin kuɗin ƙofa da na talla su taimaka.

To ina ruwan Nguru da Gashuwa da wannan, tun da ba su da kulob a babban rukuni? Ruwansu yana cikin wata doka ta hukumar FIFA da aka kafa a 2001, wadda yawancin masu horar da yara a unguwanninmu ba su taɓa jin labarinta ba. Dokar ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, za a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23 da haihuwa. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin cinikin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da rabin kashi ɗaya. Alal misali, a ce wani kulob a Gashuwa ya riƙe yaro da rajista daga shekara 12 zuwa 17, rabonsa ya zama kashi 2 cikin 100. Idan wata rana aka sayar da yaron nan a Turai a kan Yuro miliyan 2, kulob ɗin Gashuwa yana da Yuro 40,000. Idan aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasar a kan miliyan 10, yana da 200,000, kuma haka za a ci gaba har yaron ya yi ritaya. Ban da wannan akwai diyyar horo, wadda kulob ɗin waje ke biya sa'ad da yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, kuma ana lissafa ta ne da tsadar horo a ƙasar mai saye, inda mafi ƙarancin mataki a Turai yake Yuro 10,000 a kowace shekara.

Duk wannan kuɗi yana rataye ne a kan abu guda, wato rajista. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishin biyan kuɗi a birnin Faris wanda ke bin tarihin ɗan wasa a kwamfuta ya aika wa kowane kulob rabonsa. Kulob ɗin da sunansa bai fito a wannan tarihi ba, ko da shi ya saya wa yaron takalminsa na farko, ba shi da komai. Na san wani mai horar da yara a wannan yanki da ya yi shekara biyar yana ciyar da wani yaro daga aljihunsa, rana ɗaya wani baƙo ya zo ya ga wasansa, ya ba kocin riguna saiti ɗaya da ƙwallo biyu, ya ba mahaifin yaron abin goro, ya tafi da shi wata makarantar ƙwallo a kudu. A can aka yi masa rajista ta farko. A idon doka, shekarun nan biyar ba a taɓa yin su ba. Mutanen da ba za su sayi akuya a kasuwa ba sai da dillali da shaidu, su ne ke sakin irin wannan dukiya a kan fatar baki.

Mutanen Nguru sun san wannan labari a wata sigar. Tun da layin dogo ya iso garin daga Kano a 1930, gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu suka riƙa bi ta tashar zuwa Ikko, kuma kowa ya san cewa babbar ribar tana hannun wanda ya sarrafa kayan a can ƙarshen hanya. Bambancin kawai shi ne, a cinikin gyaɗa babu dokar da ta ce a dawo wa manomi da wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da mansa a Ingila. A ƙwallo akwai ta, mu ne ba mu miƙa hannu ba.

Wasu a Afirka ta Yamma sun miƙa. Kulob ɗin ASEC Mimosas na Abijan ya kafa makarantar renon yara a farkon shekarun 1990, wadda ta fitar da Kolo Toure da ƙanensa Yaya. A Senegal, Generation Foot da aka kafa a 2000 ta ƙulla yarjejeniya da kulob ɗin Metz na Faransa, ta nan Sadio Mane ya bi a 2011. A nan gida, Remo Stars ta garin Ikenne, wadda mallakar ɗan kasuwa ce kuma take da makarantar yara tata, ta ci gasar ƙasa a 2025. Ikenne ƙaramin gari ne. Wannan shi ne darasin Penrith da na ambata a baya: kulob ɗin da ke da rijiya a gida ba ya tsoron a sayi ruwansa.

Abin da nake ba 'yan kasuwar Nguru da Gashuwa shawara bai kai girman waɗannan ba. Kada kowa ya yi mafarkin kafa kulob ɗin da zai hau babban rukuni, domin kuɗin mota da masauki kaɗai zai cinye jarin. Abin da ya dace da ƙarfinmu shi ne mutum biyar ko goma su haɗa hannu su yi wa kamfani rajista, su yi wa kulob ɗin yara rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, su tabbatar kowane yaro ya shiga kundin hukumar ƙasa da sunansa da ranar haihuwarsa, da takardar amincewar mahaifinsa. Yankin yana da faɗi, daga Machina da Yusufari zuwa Jakusko da Gaidam, kuma akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013 wadda za a iya neman haɗin kanta ta fuskar fili da malamai da duba lafiyar yara. Daga nan sai a nemi yarjejeniya a rubuce da Desert Stars ko El-Kanemi ko Pillars, a kan cewa duk yaron da suka ɗauka, idan suka sayar da shi gaba, kulob ɗin da ya rene shi yana da kaso kaza. Masu turka da masu ba da kiwo a raba riba ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

A nan ne kuma wata dabara ta masu zari-ruga na Ingila za ta yi mana amfani. Musamman daga 2013, sun yi amfani da rajistar tagwaye, inda babban kulob ke ƙulla zumunci da ƙarami, matashin da bai sami gurbi a babban ba a wannan mako sai ya je ya buga wa ƙaramin, ya dawo idan an bukace shi. An yi ƙorafi a kanta, domin wasu ƙananan kulob-kulob sun ga kamar an mayar da su 'yan amshin shata, kuma ƙorafin yana da tushe. Duk da haka, a ƙasar da manyan kulob-kulob ke tara 'yan wasa 35 ko 40, rabinsu suna zaman benci ana bin gwamnati albashinsu, bayar da aron matasa ga kulob-kulob na ƙananan rukunai a garuruwa irin namu zai rage wa babba nauyi, ya ɗaga darajar wasa a ƙarami, ya kuma sa mutanen gari su biya kuɗin ƙofa domin su ga ɗansu da ya tafi birni ya dawo. Sharaɗi shi ne a ƙayyade yawan aron daga kulob guda, kada ƙaramin ya rasa kamanninsa.

Hukumar gasar kuma tana da nata aikin, kuma ba ya bukatar kasafi. Ta wajabta a ajiye kwafin kowane kwantiragi a ofishinta, ta hana kulob ɗin da ake bi bashin albashi ɗaukar sabon ɗan wasa har sai ya biya, ta kuma aiwatar da kaso na masu reno a cinikin cikin gida kamar yadda ake yi a na ƙasa da ƙasa. Idan Rangers ta Inugu ta sayi yaro daga El-Kanemi, ya kamata wani abu ya gangaro har Nguru. Kwantiragin shekara uku ba ya da ma'ana idan kulob ba ya biyan albashi, domin a dokar FIFA ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana da ikon ba da wa'adin kwana 15, idan ba a biya ba ya yi tafiyarsa. Ke nan biyan albashi a kan kari shi ne ke tsare jarin kulob, kuma kwamishinan da ya jinkirta takardar biyan yana iya jawo wa jiharsa asarar da ta ninka albashin sau ɗari.

Ba zan ɓoye wa mai karatu haɗarin da ke ciki ba. Cikin yara 100 da za a rena, mai yiwuwa ɗaya ko biyu ne za su kai inda za a sayar da su da kuɗin kirki, kuma ba kafin shekara shida ko takwas ba. Wanda ya saba juya kuɗinsa a buhun shinkafa ko kwalin bandar kifi cikin mako biyu, wannan ba kasuwarsa ba ce. FIFA ta haramta fitar da yaro ƙasar waje kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan togaciya, shi ya sa ma Ahmed Musa ya jira har watan Oktoba na 2010 kafin ya soma buga wa kulob ɗinsa na Holan. Haka kuma tun watan Mayu na 2015 ta haramta wa ɗan kasuwa shi kaɗai ya mallaki kaso a cikin kuɗin cinikin ɗan wasa, saboda haka duk dillalin da ya zo ya ce a ba shi kuɗi a sayi rabin wani yaro, iska yake sayarwa. Haƙƙin yana hannun kulob mai rajista ne.

Sai batun shekaru, wanda ya taɓa jawo wa ƙasar nan kunya, domin a 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa, muka kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A ƙauyukanmu da yawa ba a karɓar takardar haihuwa sai ranar da bukata ta taso, kuma a ranar ne ake zaɓar shekarar da ta fi daɗi. Mai saye a Turai yana rage farashi ne gwargwadon shakkarsa. Kulob ɗin da zai dage sai ya ga takardar hukumar ƙidaya da rajistar makarantar firamare tun yaro yana shekara 12, zai riƙa sayarwa da tsada fiye da maƙwabcinsa.

Akwai kuma haƙƙin sauran 98 ɗin da ba za su je ko'ina ba. Iyaye a Bade da Nguru ba za su ba da 'ya'yansu ba idan suka ga ƙwallo na raba su da boko da allo, kuma suna da gaskiya. Dole yarjejeniyar ta ƙunshi cewa horo ba zai ci lokacin makaranta ba, yaron da ya daina zuwa aji a dakatar da shi daga fili, wanda kuma ya kai shekara 18 bai yi fice ba ya fita da takardar sakandare a hannu ko sana'ar da aka koya masa a shagon ɗaya daga cikin masu jarin. A lissafa wannan a cikin kuɗin da za a kashe tun ranar farko, tare da na ƙwallo da riguna da ladan koci, kafin a je Damaturu karɓo fom ɗin rajista.